Ranar da Aka Goge Tsofaffin Rafin Guza

Malama Husaina ta yi shekara goma sha huɗu tana koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Kawo kafin ta ajiye alli. Abin da ta fito da shi daga koyarwa bai wuce ciwon maƙogwaro da jan biro ba. Jan biron ne ma ya sama mata aiki a wurin Shamsuddeen, ɗan ƙanin mahaifinta, wanda yake da ɗan kamfanin manhaja a Malali, a saman wani shagon magani.

Kamfanin ɗaki biyu ne da fanka ɗaya mai aiki. Sana'arsu ita ce adana wa ƙananan makarantu sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa a rumbun bayanai na kwamfuta. A 'yan watannin nan suka ƙaro wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da suka raɗa wa suna Ɗan'aike. Shugaban makaranta zai rubuta masa abin da yake so da Hausa, shi kuma ya je ya aiwatar da kansa. Sai dai Ɗan'aike ba shi da hannu sai kayan aikin da aka ƙera masa: wannan na ƙara suna, wancan na gyara maki, wani na aika saƙo. Kowanne da ɗan bayanin da aka rubuta a kansa, kuma da wannan bayanin kaɗai Ɗan'aike yake sanin abin da aka damƙa masa. Aikin Husaina shi ne ta bi bayanan nan ɗaya bayan ɗaya, ta karanta, ta gwada, ta ba da maki.

"Yaya, kamar dai yadda kike duba insha'in yara ne," in ji Shamsuddeen ranar da ta fara.

Wanda yake ƙera kayan aikin kuwa Barnabas ne, mutumin Zonkwa, mai shekara talatin da 'yan kai. Gwani ne, kowa ya sani, shi ma ya sani. Zai iya kwana uku yana gyara abin da babu wanda ya lura ya lalace, amma a ce ya rubuta jimla biyu ta bayani, sai ka ga ya ɓata fuska kamar an ce ya sha maganin zazzaɓi.

Ranar wata Laraba da hantsi, Shamsuddeen ya tafi Babbar Kasuwa neman batirin sola, Husaina ta iso kan kayan aiki na tara a jerinta. Sunansa goge da yawa. Ta karanta bayaninsa, ta cire gilashi ta goge da gefen mayafi, ta mayar ta sake karantawa. Kalma biyar ce: "Yana goge bayanai da yawa."

"Barnabas, ina sauran?"

"Sauran me, Malama?"

"Bayanin. Na ga kan magana, ban ga insha'in ba."

Bai ko juyo ba. "Ai shi ke nan. Sunansa goge da yawa, aikinsa goge da yawa. Me zan ƙara? Ranar da aka haife shi?"

Ta jawo kujera kusa da teburinsa, abin da ya tsana fiye da komai. Ta ce a jikin kayan aikin akwai gurabe uku da Ɗan'aike zai cike, sharaɗi da wuri da iyaka, amma babu wanda aka faɗi ma'anarsa. Idan ya bar ɗaya a buɗe, me zai faru? Abin da aka goge, ana iya dawo da shi? Yana nuna maka waɗanda zai goge kafin ya goge su, ko sai dai ka ji labari?

"Duk wannan a bayyane yake," in ji Barnabas.

"A ina?"

Ya ɗora yatsa a goshinsa.

Husaina ta buɗe littafinta, ta zare jan biro, ta rubuta biyu bisa goma, ta zagaye.

"Biyu!" Ya juyo gaba ɗaya da kujerarsa. "Biyu, Malama? Ni da ban taɓa cin ƙasa da bakwai ba tun ina firamare?"

"Ɗaya na ƙa'idar rubutu ne. Ɗayan kuma saboda ka sa aya a ƙarshe."

"Haba, Malama. Ɗan'aike fa ba ɗan aji ɗaya ba ne. Ya karanta littattafan da ni da ke ba za mu gama ba ko da za mu yi shekara dubu."

"Ya karanta goshinka?"

Nan Barnabas ya ce magana ba za ta raba su ba, a gwada a gani. Idan Ɗan'aike ya yi aikin daidai da kalma biyar ɗin nan, ta mayar da biyunta goma, kuma ta daina jawo kujera kusa da shi. Ta ce ta yarda.

Suka zaɓi wata makarantar koyar da manya karatu da ke Rafin Guza, domin shugabanta, Malam Ila, ya daɗe yana cewa yana so a share masa sunayen waɗanda suka gama tun shekarun baya. Barnabas ya buɗe kwafin gwaji na rumbun makarantar, wanda aka tanada don irin wannan wasa, mai ɗauke da suna ɗari biyu da goma sha biyu. Waɗanda suka gama su casa'in ne.

"Ka tabbata na gwaji ne?"

"Ga shi nan a sama da ruwan ɗorawa, GWAJI."

"Ka tabbata dai?"

"Malama, in ba haka ba ne ki canja mini suna."

Ta zauna ta rubuta umarnin yadda ta san Malam Ila zai rubuta shi, ba ƙari ba ragi: "Goge tsofaffin ɗalibai." Ta danna.

Ko numfashi biyu ba su ja ba amsa ta fito. "To, an gama. Na goge tsofaffin ɗalibai arba'in da bakwai. Akwai wani abin da zan taimaka da shi?"

"Arba'in da bakwai?" in ji Husaina. "Ba casa'in ka ce ba?"

Barnabas ya sabunta shafin gwajin. Ɗari biyu da goma sha biyu, babu wanda ya motsa. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kin gani? Ƙarya ma yake yi, bai goge kowa ba! Ai da ma waɗannan abubuwa wani lokaci sukan..."

Dariyar ta yanke. Husaina ta ga hannunsa ya tafi a hankali ya buɗe wani shafin, wanda babu ruwan ɗorawa a samansa. Ɗari da sittin da biyar.



"Barnabas."

"Na'am, Malama."

"Gurbin nan da ake ce wa wuri. Idan aka bar shi a buɗe, ina yake zuwa?"

 "Rumbun gaske."

"Ka rubuta haka a wani wuri?"

Ya soma ɗaga yatsa zuwa goshi, ya fasa, ya sosa kunne.

Husaina ta tambayi Ɗan'aike su wa ya goge, kuma da wane dalili. Ya amsa cikin ladabi irin na ɗalibin da ya tabbata ya ci jarrabawa: bayanin kayan aikin bai faɗi yadda ake gane wanda ya gama makaranta ba, don haka ya ɗauki tsofaffi a matsayin masu yawan shekaru, ya goge duk wanda ya haura hamsin. Gurbin wuri da na iyaka kuwa ya bar su yadda ya same su, tunda ba a ce masa komai a kansu ba. Ya rufe da cewa ya ji daɗin taimakawa.

Husaina ta dafe kai. Ita ce ta shekara goma sha huɗu tana koya wa yara cewa tsohon gwamna daban, tsoho gwamna daban. Da sani ta zaɓi kalmar, don ta kama Barnabas. Ba ta yi tunanin makarantar manya ce ba, inda rabin ajin masu jikoki ne.

"Akwai kwafin ajiya ai," ta ce.

"Akwai."

"Alhamdu lillahi."

"Na watan Janairu." Ya ƙura wa bango ido. "Yana sa injina nauyi ne, sai na dakatar da shi na kwana biyu."

Yau ga shi ana cikin watan Mayu, kuma 'yan ajin bana a Fabrairu aka ɗauke su.

Daga nan har bayan azahar Barnabas ya yi ta tone-tone a cikin kwamfuta, yana magana shi kaɗai da Hausa da Turanci da yaren garinsu. Bai samo ko harafi ɗaya ba. Kayan aikinsa ya yi aiki tsaf, babu aibu. Har ya faɗi hakan da bakinsa, da ɗan alfahari, kafin ya ga irin kallon da Husaina take masa. Ta ce a kira Malam Ila a faɗa masa gaskiya. Ya ce a ƙara masa minti goma. Minti goman nan aka yi ta ƙarawa har aka kira la'asar.

Suna nan sai suka ji Keke Napep ya tsaya a ƙasa, sannan takun sanda a kan matakala, ƙwas, ƙwas, da wata murya tana cewa wanda ya gina benen nan ba ya tsoron Allah.

Wata dattijuwa ce ta shigo, gajeriya, cikin farin hijabi, da jakar leda mai littattafai a rataye a hannu. A bayanta Malam Ila ne, dogo siriri, yana ta yi musu alama da ido cewa shi ma jawo shi aka yi. A bayansa kuma wata tsohuwar ce mai jan lalle, tana ta murmushi kamar wadda aka gayyato biki.

"Salamu alaikum. Ina mai kwamfutar?"

Barnabas ya miƙe, ya rusuna. "Sannu da zuwa, Mama."

"Kai ne? To, dube ni da kyau. Ina nan ko ba ni nan?"

"Kina nan, Mama."

"To, mi ya sa Malam ya kira suna yau tun daga farko har ƙarshe babu Dije? Ni ce monita. Ni nake share allo. Tunda aka buɗe ajin nan ban taɓa fashi ba, ko ranar sunan jikata sai da na zo na koma. Na ce Malam ka tsallake ni, ya duba waya ya ce wai kwamfuta ta ce babu ni. Asabar jarrabawa, an ce wanda babu sunanshi ba shi zama."

Husaina ta ba ta kujera, ta kawo ruwa. Hajiya Dije mutuniyar Katsina ce, ƙuli-ƙuli take yi a Rafin Guza shekara talatin, kuma ta shiga makaranta ne saboda ta gaji da miƙa wa mutane wayarta su karanta mata saƙon 'ya'yanta. Husaina ta durƙusa a gefenta ta yi mata bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye nata laifin ba. Da ta zo wurin haura hamsin, Hajiya Dije ta ajiye kofin ruwan.

"Tsaya, ɗiyata. Duk wanda ya wuce hamsin?"

"Duka, Hajiya."

A hankali dattijuwar ta juya ta dubi mai jan lallen. "To, ita Yalwa fa? An kira sunanta yau, har ta amsa da ƙarfi tana kallona."

Barnabas ya duba allo. Da ya yi shiru da ya fi masa, amma gaskiyar aiki ta rinjaye shi. "An rubuta shekararta arba'in da huɗu."

"Arba'in da mi?"

Murmushin Yalwa ya soma dusashewa. "Abin da aka tambaye ni na faɗa."

"Yalwa! Ke da kika goye ni a bikin Yaya Asabe? Ke da haƙoranki na gaba suka zube tun kafin a yi titin unguwarmu?"

"Goyon ai na wasa ne, kusan tsararmu ɗaya."

"To, in tsararmu ɗaya, ni sittin da takwas gare ni!"

Malam Ila ya juya baya yana tari. Husaina ta cije leɓe har ta ji zafi. Hajiya Dije kuwa ta buga sanda a ƙasa ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: ita da ta faɗi gaskiya an share ta, mai ƙarya kuma an bar ta a kan benci. Ta dubi Barnabas ta ce, "Kai ka koya mashi haka?"

"Ban koya masa komai ba, Mama."

"Shi ne ai matsalar," in ji Husaina.

Daidai nan Shamsuddeen ya shigo da ƙaton batir a kafaɗa yana haki. Ya dubi tsofaffi biyu, ya dubi Malam Ila, ya dubi fuskar Barnabas, sai ya ajiye batirin a hankali ya zauna a kansa. Da aka gama ba shi labari bai yi faɗa ba. Ya tambayi Malam Ila ko yana da rajistar takarda. Malam Ila ya ce yana da ita, ai shi bai taɓa sakin jiki da abin da ba ya iya sa wa kwaɗo ba. Shamsuddeen ya ce gobe Husaina da Barnabas za su je Rafin Guza su sake shigar da kowa da hannu. Yanzu kuma, kafin kowa ya fita daga ɗakin nan, a rubuta bayanin.

Hajiya Dije ta ce ba za ta tafi ba sai ta ji abin da za a rubuta, domin sunanta ne a ciki.

Haka Barnabas ya zauna, Husaina a damansa, Hajiya Dije a hagunsa da sanda a tsakanin gwiwoyi. Husaina tana tambaya, yana amsawa, tana sa shi ya rubuta amsar yadda ya faɗe ta. Cewa abin da aka goge ya tafi har abada. Cewa wanda ya gama makaranta ana gane shi ne da alamar "ya kammala", ba da shekarun haihuwa ba. Cewa dole a faɗi wuri, gwaji ko na gaske, kuma ta sa shi ya gyara kayan aikin kansa yadda in an bar gurbin a buɗe zai ƙi motsi. Ya yi gunaguni ya ce bayanin ya fi aikin tsawo. Ta ce ya ƙara misali biyu, ɗaya na daidai, ɗaya na abin da ya faru yau.

"Ka rubuta ya riƙa tambaya," in ji Hajiya Dije. "Ni ko 'yar aikina na aika ta zubar da shara, in ta ga abu mai kyau a ciki sai ta dawo ta ce Hajiya har da wannan? Ka ce ya kirawo sunayen a ji tukuna."

Barnabas ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tsaya. Ya ɗan yi tunani. Ya ƙara wa kayan aikin matakin nuna jerin sunaye kafin gogewa, ya rubuta hakan a layin farko na bayanin, da manyan baƙaƙe.

Suka sake gwadawa, bayan Husaina ta sa shi ya cire haɗin rumbun gaske gaba ɗaya a gaban idonta. Ta rubuta umarnin nan dai na ɗazu. Wannan karon Ɗan'aike ya ce kalmar tsofaffi tana da fuska biyu, shin waɗanda suka kammala ake nufi? Idan su ne, ga sunaye casa'in a rumbun gwaji, a duba, domin in ya goge ba za su dawo ba.

"Yauwa," in ji Hajiya Dije. "Yanzu ya yi hankali."

Husaina ta ba bayanin bakwai. 

Washegari bayan azahar suka isa Rafin Guza. Makarantar aji biyu ce a bayan wani shagon walda, kuma tun kafin su sauka daga Keke labari ya riga su: kwamfuta tana share duk wanda ya wuce hamsin. Husaina ta tsaya a gaban aji ta yi bayani har sau biyu cewa an gyara, babu wanda za a sake gogewa, kowa ya faɗi shekarunsa na gaskiya. Duk suka gyaɗa kai.

Na farko a layi wani dattijo ne mai farin gemu har ƙirji, Malam Isa mai gyaran rediyo.

"Baba, shekara nawa?" in ji Barnabas.

"Arba'in da tara."

Malam Ila ya duba rajista. "Malam Isa, nan sittin da uku ka ce. Ɗanka Mubarak ma ai ya kai arba'in."

"Da wuri na yi aure."

Ta biyu arba'in da tara. Na uku arba'in da takwas, ya ce shi ba ya son zama a bakin iyaka. Wata ta ce a rubuta mata duk abin da aka rubuta wa Yalwa. Kafin a kai mutum na ashirin, Barnabas ya daina ɗaga kai, sai dai ya ji abin da aka faɗa, ya dubi Malam Ila, Malam Ila ya karanto na rajista ƙasa-ƙasa, ya shigar da wannan. Makin gwajin da aka yi a baya kuma Husaina tana karantowa daga takardun da Malam Ila ya ɗaure da kyauron roba. Zafi ya yi zafi, injin walda yana ta ƙara, ga tsofaffi sun kewaye Barnabas suna leƙen allo, kowa yana so ya ga sunansa ya koma da idonsa.

Hajiya Dije ta bari sai da kowa ya gama, ta ce monita ce ƙarshe. Da ta zo, ta ce Barnabas ya matsa.

"Mama, ki faɗa kawai in rubuta."

"Wancan karon wani ya rubuta mani, ka ga inda ya kai ni. Matsa."

Ya matsa. Ta zauna, ta gyara hijabi, ta miƙa yatsa ɗaya ta soma farautar harafin farko. Ta ce wanda ya jera baƙaƙen nan bai yi makaranta ba, ina aka taɓa ganin A a tsakiya? Husaina ta sunkuya za ta nuna mata, ta ture hannunta. 'Yan aji suka yi cincirindo a bayanta, wasu suna raɗa mata amsa, tana ce musu ba ta tambaye su ba. Ta sami D. Ta daɗe kafin ta sami I. A kan J yatsanta ya nauyaya, suka fito guda shida a jere, ajin ya ɗauki salati, Barnabas ya nuna mata maɓallin da ake komawa baya, ta cire biyar ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi.

Da ta kai gurbin shekaru, ta waiwaya ta nemo Yalwa a cikin taron, ta tabbatar tana kallo, sannan ta danna shida, ta danna takwas.

Ranar Asabar duk 'yan ajin bana da aka goge suka zauna jarrabawa. Hajiya Dije ta zo ta huɗu a aji, Yalwa ta zo ta uku, kuma an yi mako biyu ba sa magana da juna.